"Tsufa Ne, A Yi Haƙuri": Nazarin Lamarin Wata Dattijuwa A Tawa

Dattijuwar da wannan nazari ya shafa mazauniyar ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Tawa na Jamhuriyar Nijar ce. Zan kira ta Inna, kamar yadda mutanen gidanta suke kiranta, domin iyalinta sun yarda a ba da labarin ne bisa sharaɗin a sakaya suna da unguwa. Ba ta da takardar haihuwa, amma takan ce tana ɗaukar tallan fura aka yi bikin samun ƴancin kai a 1960, don haka aka ƙiyasta cewa shekarunta sun kai 70 lokacin da abin ya soma. Maƙwabtaka ce ta haɗa ni da gidan, na kuma raka su asibiti fiye da sau ɗaya, saboda haka abin da zan faɗa ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin waɗanda suka yi jinyar.

Inna ba ta yi karatun boko ba, amma ita ce uwar adashin matan layinsu shekara da shekaru, kuma a kanta take riƙe lissafin wadda ta zuba, da wadda ta yi fashi, da wadda za ta kwasa. Tana soya ƙuli-ƙuli, tana matsar man gyaɗa, ran Lahadi kuma ba a rasa ta a kasuwa. Ɗanta na fari yana Abijan yana kasuwanci, kamar dubban ƴan Adar da ke cin rani a Kodibuwa, ya bar matarsa da yara huɗu a gidan gado. Na biyu magini ne, da asuba yake fita, sai bayan magariba yake dawowa. Ƴarta mace tana aure a Birnin Ƙonni. Wato wadda take wuni tana kwana da Inna ita ce surukarta, matar ɗan fari, kuma a kanta nauyin duk abin da ya biyo baya ya sauka.

Mijin Inna ya rasu a 2019. Ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma, aka yi sadaka, aka sa ran za ta koma harkokinta, amma ba ta koma ba. Ta bar suya, ta rage cin abinci har zanenta ya soma yi mata yawa, kuma tun kafin kiran sallar farko takan farka ta zauna a kan buzu tana hawaye. In an tambaye ta, amsarta ɗaya ce: "Ni kam na gama, lokaci nake jira." Masu zuwa gaisuwa suka ɗauki wannan magana a matsayin tsoron Allah da gudun duniya, har wasu suna yaba mata, ba wanda ya kawo a ransa cewa ciwo ne.

A cikin shekarar da ta biyo baya lissafin adashi ya soma kuɓuce mata. Ta ba mace ɗaya kwasa sau biyu, ta kuma rantse cewa wata ba ta zuba ba alhali a gaban shaidu ta karɓa. Matan suka janye adashinsu cikin mutunci, ba tare da sun tona mata asiri ba. Daga nan ta soma ɓoye kuɗi tana manta inda ta sa, in ta nema ba ta gani ba sai ta ce surukarta ce ta ɗauke. An sha samun kuɗin a cikin matashin kai, ko a ƙarƙashin gero a cikin tukunya, amma zargin ya riga ya isa Abijan ta saƙon murya a WhatsApp, kuma ya kusa kashe auren.

Akwai alamu biyu da na daɗe ina tunani a kansu, domin al'adarmu ce ta ɓoye ɗaya, ita ce kuma ta tona ɗayar. Inna ta soma kiran babban jikanta "maigida", tana tambayarsa ko ya bar cefane. Kowa ya ɗauka wasan kaka da jika ne, aka yi wata da watanni ana dariya, sai ranar da ta durƙusa ta ajiye masa ruwan alwala, ta hana yara wucewa ta gabansa, sannan aka gane cewa da gaske marigayi take gani. Ta biyu ita ce ranar da ta kama sunan ɗanta na fari gatsal a gaban baƙi, sunan da ta yi shekara hamsin tana alkunyarsa. Ƴarta ta ce mini a ranar jikinta ya yi sanyi, domin ta san uwarta da hankalinta ba za ta taɓa yin haka ba. Likitoci suna lissafa zubewar kunya da sauyin ɗabi'a cikin alamomin ciwon ƙwaƙwalwa, amma sai wanda ya san mutum, ya kuma san abin da ake jin kunyarsa a wurin, zai iya ganewa.

Iyalin ba su zauna ba. Sun fara da abin da suka sani: rubutun sha, da hayaƙi, da ruƙiyya, daga baya wata gwaggo ta kai su wurin wani mai magani a ƙauye wanda ya ce sammu ne, ya kuma nuna cewa hannun na cikin gida ne, abin da ya ƙara jefa surukar cikin zargi. Ba na ganin laifin mai neman addu'a ga mahaifiyarsa, kuma na lura cewa karatun Alƙur'ani yana kwantar wa Inna hankali fiye da komai. Illar ita ce shekara biyu suka wuce ba a ko auna jininta ba. Ana cikin haka ta soma fita da dare. Wata asuba aka same ta tsaye a ƙofar wani gida da ke da jariri marar lafiya, kafin hantsi kalmar "mayya" ta soma yawo a bakin yara. Limamin unguwa ne ya kashe wutar, ya tara magidanta bayan sallar la'asar ya tuna musu cewa Alƙur'ani, a cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani. Da ba a samu mai faɗa a ji ya tsaya ba, da abin ya kai ga jifa.

Tsoron maimaituwar haka ya sa gidan suka ɗauki matakai uku, kowanne da kyakkyawar niyya, kowanne kuma ya cutar da ita. Suka soma kulle ta a ɗaki. Suka sayo ƙwayar barci wurin mai tallan magani a tire, wadda daga baya aka gane diyazefam ce, da aka fi sani da Valium, suna ba ta kowane dare. Saboda ta soma fitsarin kwance kuma, sai aka rage mata ruwan sha daga la'asar.

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Tawa yake haura digiri 40. Inna ta dage sai ta yi azumi, kuma da yake ba ta riƙe lokaci, wani lokacin ko an sha ruwa sai ta ƙi karɓa, ta ce rana ba ta faɗi ba. A cikin kwana biyu ta rikice gaba ɗaya. Ta daina gane kowa, tana fizge-fizge, tana ganin macizai a bango, can kuma sai ta yi laƙwas kamar ba rai, jikinta da zafi. Wasu dangi suka ce haukan ne ya nuna, a nemi mari a ɗaure ta. Surukar ce ta ce ita ba ta yarda ba, domin mantuwar Inna a hankali take tafiya, wannan kuwa dare ɗaya ya zo, kuma fitsarinta ya yi kwana uku yana wari yana ja. Ta matsa wa ƙanen mijinta har ya nemo mota.

A asibiti aka samu ƙarancin ruwa a jikinta, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da hawan jini mai tsanani wanda ba a san da shi ba. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka soma janye ƙwayar barcin sannu a hankali, domin yanke ta farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba da ita yana da haɗari. A rana ta biyar ta dubi ƴarta ta tambaye ta yaushe ta zo daga Ƙonni.

Kafin a sallame ta aka haɗa su da wani ma'aikacin jinya da ya samu horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zaman da ya yi da su shi ne ya juya lamarin. Da farko maza biyu ne suka shiga, ƙanen marigayi da ɗan Inna na biyu, suna amsa tambayoyi da "lafiya lau" da "tsufa ne kawai". Sai ya tambaya wa yake yi mata wanka, wa yake ba ta abinci, ya ce a kira masa ita. Surukar ta shiga tana noƙewa saboda kawun mijinta yana zaune, ya roƙi mazan su ba su wuri, sannan ta buɗe baki. Ita ce ta san watan da aka daina suya, da watan da lissafi ya ɓace, da daren da aka fara ba da ƙwaya. Ita Inna kuma bai tambaye ta kwanan wata ko shekarar Miladiyya ba, domin ko da lafiyarta ba da su take lissafi ba. Ya tambaye ta wace rana ce kasuwa take ci, da raka'a nawa ce sallar magariba, da sunayen jikokinta. Ya ce in ta sayar da mai na dala sittin aka ba ta dala ɗari, canjin nawa za ta mayar. Ya faɗa mata abu uku, goro da tabarma da akuya, ya ce ta riƙe, bayan ɗan lokaci ya nema, ba ta kawo ko ɗaya ba. Matar da ta riƙe adashin layi guda a ka ta kasa cire sittin daga ɗari.

Bayanin da ya yi wa iyalin shi ne cewa abin da suke kira da suna ɗaya, ruɗewar tsufa, abu uku ne suka haɗu a jikin mutum ɗaya. Rikicewar da ta kawo su asibiti ruɗewa ce ta farat ɗaya, wadda ciwon jiki yake haddasawa ga tsoho: zazzaɓi, ko ƙishirwa, ko ciwon mafitsara, ko magani. Tana zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki, tana iya kisa in an yi sakaci, tana kuma wucewa in an magance sanadinta. Kukan asuba da ƙin abinci da jiran mutuwa kuwa ciwon damuwa ne, wanda ya samo asali daga rashin miji da rashin sana'a, kuma yana jin magani ko da mutum ya kai shekara nawa. Na ukun shi ne ciwon mantuwa, wanda Hausawa suke kira gigin tsufa, kuma a nan ya gaya musu gaskiya cewa ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu, a kuma sauƙaƙa zama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 55 ne suke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma nau'in da ake kira Alzheimer, da sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906, shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wani nau'in yana zuwa ne daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma hawan jinin da aka bari ba magani shi ne babban mai jawo shi. Ganin yadda jinin Inna ya hau, ma'aikacin ya fi zaton akwai hannun wannan nau'in a lamarinta.

Da labari ya kai Abijan, ɗan fari ya ce a kai ta Yamai a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ko nawa ne, zai turo kuɗi. Kawu kuma ya ce muddin yana raye ba za a kai matar wansa sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ba, wanda jama'a suka sani da Pabiyon E, domin in sunan ya bi gidan, ƴanmatan gidan za su rasa manema. Kowannensu yana da abin da yake karewa, ɗaya yana son ya fanshi rashin kasancewarsa kusa, ɗaya yana tsoron bakin mutane. Likitan da ya duba ta ya ce hoto yana da amfani a wasu lokuta, musamman in an yi faɗuwa an bugu a kai, ko ɓarin jiki ya shanye, amma a halin da Inna take ciki ba zai sauya maganin da za a ba ta ba, tafiyar kilomita fiye da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso a cikin wannan zafi kuwa tana iya mayar da ita cikin ruɗewar da aka fito da ita. A ganina shawarar ta yi daidai, ko da yake na so a ce an kuma ƙalubalanci dalilin kawu, domin irin wannan tsoro shi ne yake hana waɗanda suke da buƙatar zuwa can su je.

Kuɗin hoton sai aka karkatar da su. Aka ɗora ta a kan maganin hawan jini, ana auna ta a likitar unguwa duk wata. Don ciwon damuwa aka ba ta fuluwoksetin, aka kauce wa amitiriftilin duk da ya fi araha ya fi samuwa, saboda ga tsoho yana ƙara ruɗewa, yana riƙe fitsari, yana kawo jiri. Wannan zaɓi yana cikin jagoran shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba su iya gane irin waɗannan cututtuka su kuma kula da su a ƙananan asibitoci. An gargaɗe su cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ko ta warware a ci gaba da shi wata tara zuwa shekara. An cire mata yanar ido a ido ɗaya, abin da ya rage mata ganin mutane a inuwar bango da dare.

Sauran aikin a gida aka yi shi, ba da kuɗi mai yawa ba. Aka daina kulle ɗaki, aka mayar da sakata ƙofar zaure, aka ɗaura mata ƴar ƙararrawa, aka bar fitila a kunne. Aka sanar da mai shago da mai shayi na bakin layi cewa in sun ga Inna su zaunar da ita su aiko yaro. Liman ya zo da kansa ya gaya mata cewa Allah ya ɗauke mata azumi. Ruwa aka koma ba ta a kai a kai da rana, ana raka ta bayan gida kafin barci. Aka koya wa yara su bar yi mata gardama: in ta tambayi marigayi, a ce "Inna, ba mu labarinsa", maimakon a sanar da ita mutuwarsa sabuwa kowace safiya, ta sake kuka kamar yau aka yi. Surukar ce ta gano abin da ya fi komai aiki, wato ajiye mata faifan gyaɗa ta yi ta ɓara. Hannun bai manta abin da kai ya manta ba, takan yi awa biyu tana ɓara tana ƴan waƙe-waƙen daka. Bayan wata uku ta koma cin abinci, kukan asuba ya tsaya, amma mantuwar ta ci gaba da tafiyarta.

An samu koma-baya a ƙarshen 2023. Takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta sa wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ya rufe iyakoki, magunguna suka yi wuya, turo kuɗi daga waje ya yi tsauri, Inna ta yi makonni ba maganin hawan jini. A cikin wannan lokaci ne maganarta ta ƙara sarƙewa, ba ta kuma dawo yadda take ba.

Lamarin Inna ya nuna inda tsarin lafiyarmu yake da giɓi. Nijar ƙasa ce ta yara: kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Don haka hankalin hukuma ya fi karkata ga uwa da jariri, kamar yadda aka gani a tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka soma a 2006, kuma ba mai musun cewa hakan ya dace. Amma ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, tsoho kuwa in ya je likitar unguwa ciwon gwiwa da zazzaɓi ake tambayarsa, ba a tambayar barcinsa ko ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya ceci Inna bai wuce awon jini, da gwajin fitsari, da tambayoyi na rabin awa ba, kuma duk ana iya yin su a kowace cibiyar lafiya in an horar da majo, wato shugaban cibiyar, da ma'aikatansa. Da an yi su a 2020, da an kama hawan jinin da ciwon damuwar shekara biyu kafin azumin da ya kusa tafiya da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin surukar. Muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa ba ma kai iyayenmu gidan ajiye tsofaffi, amma in aka ce "iyali ne suke kula", a mafi yawan gidaje mace ɗaya ake nufi. Wannan baiwar Allah ta bar ɗinkin da take samun na sabulu da shi, ta daina zuwa biki da suna, ta sha zargin sata da na sammu, ta yi shekaru ba ta yi barcin dare cikakke ba. Ranar da ma'aikacin jinya ya ce mata, "Ke fa, yaya naki jikin?" kuka ta fashe da shi, domin tun da aka fara ba wanda ya taɓa tambayarta. Shi ne ya sa aka yi taron dangi, mijinta yana kan waya, aka yanke cewa ƴar Inna za ta riƙa zuwa daga Ƙonni mako ɗaya a kowane wata, ɗa na biyu zai karɓi kwanan Alhamis da Juma'a, za a kuma ɗauko wata yarinya ƴar dangi daga ƙauye a riƙa biyanta. A wurin taron kawu ya nemi gafararta a kan maganar sammu, a gaban kowa.

Yau Inna ba ta gane ɗanta na fari ko ya zo hutu, takan gaishe shi da ladabi kamar baƙo. Surukarta kaɗai take yarda ta ba ta abinci a baki, kuma "Iya" take kiranta. Yarinyar da ake biya an sa ranar aurenta bayan girbi, ita surukar kuma tana da ciki wata shida. An yi waya da Abijan sau biyu a kan wanda zai karɓi jinyar in ta haihu ta shiga wankan jego, har yanzu ba a tsayar da kowa ba.